Jan Fentin Zirin Giyayya

Jiya da hantsi na ji ɗaya daga cikinku, ba sai na kama suna ba, yana gaya wa abokinsa a waya wai ya dace da aikin hutu. Wai gadin daji ne, kaki kyauta, inuwa kyauta, mutum ya miƙe ƙafa yana kallon tsuntsaye har wata ya mutu. Ban tanka masa ba, don da na buɗe baki a lokacin da ba a kwashe da daɗi ba. Sai na ce bari in rubuta muku, ku sababbin ɗauka, kafin in tuɓe kakin nan in koma gida. Sunana Madu, mutumin Guri. Na shiga aikin gandu kaina baƙi wuluk, yau ko a gemu ba ka samun baƙin gashi ɗaya, kuma har yanzu ban ga ranar wannan hutun da ɗan'uwanku yake faɗa ba.

Ku fara sanin abin da aka ba mu tsaro. Gandu biyu ne. Akwai na fadama, a bakin Kogin Haɗeja, inda ciyawa da ruwa ba sa yankewa ko da bazara. Akwai na tudu, can arewa ta wajen Birniwa, jigawa ce mai goruba da aduwa. A tsakaninsu a da akwai wani siririn daji, tafiyar hantsi guda, wanda ake kira Zirin Giyayya saboda yawan itacen giyayya a cikinsa. Barewa da gada da gadu da jan biri a fadama suke cin rani. Idan kogi ya fara cika, sai su bi ta cikin zirin su hau tudu, ruwa na biye da su a baya har ya shafe zirin shi ma. Idan ruwa ya janye su sauko ta nan. Ba su da wata hanya, don gabas gonaki ne da ƙauyuka, yamma kuma zurfi ne da ciyawar kacala wadda ko kwalekwale ba ya keta ta. Duk wanda ya yanke zirin nan ya mayar da gandun fadama tarko. Wannan zirin shi ne aikina, shi na tsare tsawon rayuwata, shi kuma aka ƙwace a hannuna.

Aikin farko da aka ba ni shi ne riƙe gora. Wanda ya koya mini sana'ar shi ne Baba Kyari, wani tsohon Babarbare da ya yi farauta har ya gaji, ya tuba, ya koma tsaron abin da yake harbi a da. Bai cika magana ba, amma in ya yi maka kallo ɗaya sai ka gyara tsayuwa. Damina guda cur bai bar ni na taɓa komai ba sai gora. Da ita ake tura kwalekwale, da ita ake auna zurfi, da ita ake taɓa gindin ciyawa kafin a sa ƙafa saboda maciji. Na faɗa ruwa ya fi a ƙirga. Duk sanda na fito ina tari, matsattsaku sun manne mini a ƙwauri, abin da yake cewa kawai shi ne, "Ina gorar?" Ku da kuke ta ƙorafi ba a ba ku takalmin roba ba, ku sani laka ce ke fara karɓe shi, sai mutum ya dawo gida da ƙafa ɗaya a takalme.

Ranar da na fara ganin yadda ake shafa iyaka ita ce ranar da na gane aikin. Gandun biyu gwamnati ta kewaye su da turakun siminti tun asali. Shi zirin daga baya aka haɗa shi, bayan dattawan ƙauyukan sun yarda, kuma abin da aka rubuta a takardar ofis shi ne iyakarsa itatuwa ne masu jan fenti. Fentin nan shi ne shaida, babu wata. Sai na ga Baba Kyari ba ya shafa shi sai ruwa ya kai iyakar cikarsa. Mu shiga da kwalekwale, ni in kafa gora in riƙe, shi ya tsaya a gaba, ya kankare ɓawon itace da adda daidai kafaɗarsa, ya tsoma buroshin da ya ɗaure da zaren kaba a gwangwani, ya zagaya itacen da ja. Iska na kaɗa mu, tururuwan da suka gudo saman itace suna zubo mana a wuya. Wata rana na gaji na ce masa, "Baba, me ya hana mu bari sai rani, mu zo da ƙafa mu shafa cikin sauƙi?"

Bai ba ni amsa ba sai da rani ya yi. Ya kai ni gindin wata giyayya ya miƙo mini gwangwani ya ce, "Shafa a inda kake so." Na shafa daidai ƙirjina, mai kauri, har ina jin daɗin kaina. Bayan damina ya mayar da ni wurin. Ruwa ya kwana a kan fentin wata biyu, laka ta rufe shi, abin da ya saura shanu sun goge shi da ƙaiƙayi. Na ɗaga kai, ga nasa can sama, inda ko na miƙa hannu na yi ɗage ba na kaiwa, ja zur.

Ya ce, "Madu, yaushe ɓarawon nama yake shigowa?"

Na ce, "Da ruwa, Baba, sanda dabbobin da suka makara suka maƙale a kan suri."

Ya ce, "A kan me yake shigowa?"

Na ce, "A kwalekwale."

Ya ce, "To idonsa nake shafa wa, ba na mai yawo da rani ba."

Tun daga nan ban sake tambaya ba. Kowace damina ta Allah sai mun sabunta, itace bayan itace, gefen gabas da gefen yamma, kwana goma sha wani abu muna ciki.

Kada ku zaci dabbobi ne wahalar aikin nan. Mutane ne. Za ku yi hulɗa da Bafulatanin da ke rantsuwa shanunsa ne suka ja shi cikin gandu, da masuntan da ke son kafa ragar kalli a mashigar ruwa, da matan da ke yankan kaba don saƙar tabarma, waɗanda in ka hana su gaba ɗaya ka zalunce su, in ka sake musu su kashe gorubar. Kowa da yadda ake bi da shi, kuma ba a koyon wannan a waya. Amma abu ɗaya ne duk suka sani, babba da yaro: iyakar ziri a sama take. Na taɓa kama wani mai saran itace, Ɗanlami sunansa, ya kayar da bagaruwa biyu a tsakiyar zirin. Na ce masa, "Ɗanlami, ba ka san gandu kake ba?" Ya yi kicin-kicin da fuska ya ce, "Wallahi Malam Madu ban ga alama ba." Na ce, "Ɗaga kanka." Ko ɗagawa bai yi ba, ya fashe da dariya ya miƙo mini gatarin. Ku riƙe sunan nan, za mu sake gamuwa da shi.

Baba Kyari ya rasu, Allah ya jiƙansa, zirin ya dawo hannuna. Na yi shekaru ina shafa shi yadda ya koya mini. Sai muguwar shekara ta zo, kuma ba da ruwa ta fara ba, da takarda ta fara.

Wani mai kuɗi daga birni, Alhaji Sabo, ya nemi filin noman shinkafa, idonsa ya faɗa kan zirin, don ƙasar tana da kyau kuma ruwa na zuwa mata da kansa. Aka ce masa gandu ne. Ya ce a duba. Ofis ya turo wani matashin jami'i, Nasiru, sabon gama karatu, da na'urar awon ƙasa a hannu. A wani dajin tudu ya yi koyon aiki, can inda ake shafa fenti daidai ƙirji. Ya zo tsakiyar bazara, ƙasa ta tsage. A makon nan ne kuma aka kira mu Haɗeja tantance ma'aikata, na kwana uku ina bin layi don in tabbatar wa wani mai biro cewa ina raye. Ko haɗa ranakun aka yi da gangan, ko tsautsayi ne, Allah shi ya sani. Abin da na sani shi ne ba a tambayi mai gadin wurin ba, sai aka nemi ɗan jagora a ƙauye. Aka ba Nasiru Ɗanlami, wanda a lokacin ya riga ya zama shugaban leburorin Alhaji.

Yini guda suka yi suna tafiya a cikin zirin. Nasiru ido ɗaya a kan na'ura, ɗaya a gindin itatuwa. Ya bi ta ƙarƙashin jan fenti tun daga fadama har tudu, a inuwarsa ya zauna ya ci abincin rana, bai ɗaga kai ba ko sau ɗaya. Ɗanlami na gefensa yana cewa, "Ai kuwa Oga babu komai." Ya koma ya rubuta cewa bai ga alamar iyaka ko ɗaya ba, don haka wurin ba ya cikin gandu.

Masunta ne suka tare ni da labarin ranar da na dawo. Ko ruwa ban sha ba na juya Haɗeja. Na samu Nasiru a ofis na ce, "Oga, don girman Allah ka biyo ni, awa biyu kawai." Ya yi mini kallon hadarin kaji, amma da na ƙi fita daga ƙofarsa har la'asar, ya yarda. Washegari na goya shi a babur har gindin giyayyar farko. Na ce, "Oga, ɗaga kanka."

Ya ɗaga. Ya daɗe yana kallo. Na ja shi zuwa ta biyu, ta uku, ta goma. Zufa ta jiƙa masa riga, kuma ba ta rana kaɗai ba ce.

Ya ce, "Baba, wane irin mutum ne zai shafa fenti a can sama?"

Na ce, "Mutumin da ya san nan ruwa ne. Ka tambayi kowa a ƙauyen nan, ko mace mai tallan nono."

Ya ce, "Ai ba a gaya mini ba."

Na ce, "To yanzu an gaya maka, ka kuma gani da idonka. Mu koma ka rubuta."

Ya sunkuyar da kai yana murza na'urarsa. Can ya ce, "Baba, takarda ta riga ta wuce sama. In na ce na yi kuskure a aikina na farko, ka san abin da zai same ni. Ka yi haƙuri."

Rashin sani ban riƙe shi da shi ba, kowa da ranar da ya fara. Abin da ban yafe ba, kuma ba zan ɓoye muku ba har yau ban yafe ba, shi ne ya gani ya yi shiru. Layi biyu ne a takarda. Ya auna kujerarsa da dajin nan gaba ɗaya, kujerar ta rinjaya.

Na je wurin Bulama, dagacin yankin, ya ce, "Madu, abin ya fi ƙarfin rawanina." Na sa aka rubuta mini ƙorafi da Turanci, na kai da hannuna, aka ce in dawo, na dawo, aka ce mai sa hannu ya yi tafiya. Ina cikin wannan zirga-zirgar injinan yankan itace suka shiga. Ban taɓa jin ƙara mai ciwo irin tasu ba. Giyayyar da ni da Baba Kyari muka yi shekaru muna zagayawa, kafin ka gama alwala ta kwanta. Katafila ta bi baya ta tumɓuke kututture. Aka tara itacen aka yi gawayi. Na bi tarin ina ɓamɓaro ɓawon da ke da jan fenti, na cika buhu, na kai ofis na zazzage a gaban teburin magatakarda na ce ga iyakar da aka ce babu. Ya dube ni ya ce, "Baba, wa zai share wannan?" Kafin ruwan farko an share zirin tas, an kewaye shi da jinga mai tsayi don tare ruwa, an shuka shinkafa.

Sai kogi ya cika, kamar yadda yake cika tun kafin a haifi kakan Alhaji. Na shiga kwalekwale da sassafe na nufi bakin gandun fadama, inda zirin yake farawa a da. Tun daga nesa na hango su. Barewa sun taru a gindin jinga, ruwa ya kai musu gwiwa, suna kai da komowa suna neman dajin da suka sani. Gadu da 'ya'yansa na bin gefe. Babu wanda ya gaya musu an sa hannu a takarda. Da ruwa ya matsa, manyan suka haura jingar suka faɗa cikin shinkafa, fili fetal, babu ko kara ɗaya da za su ɓuya a bayansa.

Leburorin da ke gadin gonar ne suka fara ihu. Kafin rana ta ɗaga, ƙauyuka uku sun fito da karnuka da sanduna da bindigogin harbi-ruga. Na hau jingar ina busa usur har leɓena ya fashe. Na riƙe hannun wani da ya ɗaga gora a kan wata barewa mai ciki, ya fizge. Ɗanlami ya zo ya tsaya a gabana, jini har gwiwar hannu, ya ce, "Malam Madu, nan gona ce fa, ba gandu ba. Kakinka ba ya aiki a nan." Abin takaicin, a takarda gaskiya ya faɗa. Ba ni da ikon kama ko mutum ɗaya. Na tsaya da kakina da usur ɗina ana yanka su a gabana, ana raba nama a kan jinga, har wani ya miƙo mini cinya wai in kai wa iyali. Dabbobin da suka tsorata suka koma baya kuwa ruwa ne ya ci su. Bayan mako guda na riƙa tsintar su a cikin kacala sun kumbura, na kwana biyu ban iya cin abinci ba saboda warin da ya zauna mini a hanci.

Na san wani a cikinku yana jiran in ce jingar ta fashe, shinkafar ta nutse, Allah ya saka mana. Ba haka aka yi ba. Shinkafa ta yi kyau ƙwarai. Alhaji ma har ya aiko mini da buhu ɗaya, wai tukuicin maƙwabtaka. A kan babur ɗin da ya kawo shi na mayar da shi.

Daminar da ta biyo baya 'yan kaɗan ne suka zo gindin jingar, aka gama da su. Ta uku babu wanda ya fito da kare, don babu abin da za a fito wa. Ni mai bin sawu ne, kowace safiya bayan ruwa sai na duba laka a bakin tafkuna, kuma na yi shekaru ban ga kofaton barewa ba. Jan biri ne kawai ya tsira, don shi ya iya sata, yanzu a gonakin mutane yake kwana suna tsine mana. Gandun fadama yana nan, turakun simintinsa ko ɗaya bai gusa ba, allon bakin hanya ma an sake masa fenti. Ciki ne babu kowa.

Saboda haka ku ji da kyau. Akwai sauran mashigai ƙanana a wasu gandayen da za a rarraba ku, wajen Miga da gabashin Guri, kuma a kowanne akwai wani Alhaji da ke kallonsa. In aka turo mai awo, ko zazzaɓi kake yi ka tashi ka bi shi. In aka kira ka ofis a ranar, ka ƙi zuwa, a hukunta ka. Kada ka bar baƙo ya shiga dajinka da ɗan jagoran da ba kai ba. In kuma kai ne ka yi kuskuren, ka faɗa tun bakin alƙalami bai bushe ba.

Bara da sanyi aka aiko cewa manyan baƙi za su zo. Mota biyu suka iso, da wasu Turawa masu nazarin namun daji, mace da namiji, da tabaran hangen nesa a wuya. Wanda ya jagorance su Nasiru ne, ya yi ƙiba, yanzu shi ne babba a ofis. Ya gaishe ni da fara'a kamar babu abin da ya taɓa shiga tsakaninmu, ya gaya musu da Turanci cewa ni ne kundin dajin nan. Sannan ya juyo ya ce, "Baba Madu, sun karanta a tsofaffin takardu cewa muna da barewa. Ka kai su inda za su gani."

Na ce, "To, Oga. Ku biyo ni."

Ban nufi gandu da su ba. Na bi da su ta kan jinga, shinkafar rani koriya shar dama da hagu, har ƙauyen bakin gonar, na tsaya a ƙofar gidan Ɗanlami na yi sallama. A zaurensa ƙahonin suke, jere a bango tun daga waccan shekarar, manya da ƙanana, wasu an rataya hula a kansu, ɗaya an rataya buta. Na ce musu su shiga. Baturen ya ɗaga na'urar hotonsa, sai kuma ya sauke. Matar ta shafa wani ɗan ƙaramin ƙaho da yatsa, ta juya ta yi wa Nasiru magana a hankali.

Na ce, "Oga, me ta ce?"

Ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Tana tambaya ina masu ran."

Na ce, "To ka ba ta amsa. Ni ban iya Turanci ba, kai kuma ka san ranar, ka san itacen da ka tsaya a ƙarƙashinsa."

Duk muka zuba masa ido, har Ɗanlami da ya fito daga cikin gida. Matar ta sake tambaya. Yadda Nasiru ya yi shiru a gindin giyayya, haka ya yi a zauren nan, sai dai wannan karon akwai masu jira, kuma babu wanda zai ce wa ya yi haƙuri.